Ƙafafun Bindigar Kofur Mantau

Abin ya fara ne ranar Talata, sha uku ga Agusta, 1996, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a gindin ceɗiyar da ke ƙofar gidan Dagacin Kwarin Ɗinya. Na san lokacin domin na duba agogo. A daidai nan ne Kofur Mantau ya dire wani ƙunshi a kan tabarma, ya ce kowa ya ja baya, kayan yaƙi ne.

Kofur Mantau dogo ne, mai tumbi, mai gashin baki kamar ƙahon ɓauna. Shekara uku ya yi a soja lokacin yaƙin basasa, ya kuma yi shekara ashirin da shida yana ba mu labarin. A bakinsa, ya taɓa harbe ƙuda a kan hular kwamandansa daga ƙetaren kogi, kwamandan yana barci bai ko motsa ba. Kowace shekara kogin yana ƙara faɗi. Ƙudan kuma yana ƙara ƙanƙancewa.

Ni kuwa na san wani abu. Tun da na bar koyarwa, ni ke karanta wa mutanen gari takardunsu, saboda na yi makarantar Mishan tun zamanin da ake dukan yatsu a kan tabon tawada. Ni na karanta wa Kofur takardar sallamarsa. A gurbin da ake rubuta aikin da mutum ya yi, an sa kalma biyu: wanki da guga. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Mai karanta wasiƙa kamar ungozoma yake, abin da ya gani ba na kasuwa ba ne. Yanzu da kusan dukansu sun riga mu gidan gaskiya, ina ganin babu laifi.

A bazarar wannan shekara Sarkin Baka, shugaban maharban garin, ya rasu. Kamar birai sun sami labari. Masara na fara nuna, suka sauko daga dutse. Jagoransu wani ƙaton gwaggon biri ne da ake ce wa Guntun-Kunne, girmansa ya kai na maraƙi, ba ya gudun jifa, ba ya gudun kare. Gonar da ya fi so ita ce ta Iya Lanti, wadda ke gindin dutsen. Iya Lanti kuwa surukar Kofur ce, ita ta haifi matarsa. Dagaci ya yanke magana: duk wanda ya raba mu da Guntun-Kunne, shi za a naɗa wa rawanin Sarkin Baka.

Mutum biyu suka nema a zaman ranar Talatar nan. Na farko Jatau, wani gajeren tsohon maharbi mai bindigar toka, wanda maganarsa a yini ba ta cika cokali ba. Ya roƙi mako uku da zane ɗaya.

"Zane na me?" in ji Dagaci.

"Ranka ya daɗe, biri ba ya gudun mace. Sai in ɗaura, in ɗauki ƙwarya, in riƙa zuwa gonar har ya saba da ni. Haka iyayenmu suka yi."

Kofur, wanda shi ne na biyu, ya yi dariya har tumbinsa ya yi rawa.

"Sarkin Baka da ɗaurin ƙirji? Ranka ya daɗe, ni harsashi ɗaya nake so. Asabar ta sama, goma na safe, a gaban kowa. A taho da rawanin can gona a naɗa ni a wurin, kada a wahalar da jama'a tafiya biyu."

Sannan ya kwance ƙunshin. Ƙaninsa direban tirela ne ya kawo masa tsaraba daga Legas, cikin gwanjon kayan wani Bature. Wasu 'yan ƙafafu ne guda biyu na baƙin ƙarfe, kowace da sifirin ɗinta, an haɗa su a wani ɗan wuya mai karkata hagu da dama. A bayan wuyan akwai noti mai kai kamar goro. Kofur yana da tsohuwar bindigar Turawa mai lasin, wadda ba mu taɓa jin ƙararta ba. Ya ce da zarar an ɗaura mata waɗannan ƙafafu, bindiga ce ke yin harbin da kanta, mutum tsayawa kawai yake don shaida.

Wata takarda ta faɗo daga ƙunshin. Ni kuwa ba na iya ganin rubutu in bar shi. Na ɗauka, na sa tabarau, na fara fassarawa.

"An ce a cire maratayin bindiga, a kama abin a jikin ɗan ƙarfen da ake ɗaura maratayin. A sa shi yadda in an naɗe ƙafafun za su miƙe wajen bakin bindiga."

"Na sani," in ji Kofur.

"An ce wuyan yana karkata ne don bindiga ta tsaya daidai a ƙasa mai tudu da kwari. Amma a ɗaure notin nan sosai, yadda ba za ta karkata ba sai an tura ta."

"Wannan ai karatun 'yan aji ɗaya ne."

"Sai kuma mai harbi ya kwanta rub da ciki."

"Wa?"

"Mai harbin."

"A ƙasa?"

"Haka aka zana. Ga Baturen nan kwance, ya ware ƙafafu kamar kwaɗo."

Jatau yana kallon yatsun ƙafarsa ya ce, "Na ji Iya Lanti ta ce za ta zo. Wai masararta ce."

To, ku da kuka tashi a birni sai in yi muku bayani. A wurinmu, mutum ba ya cin abinci a gaban surukarsa, ba ya miƙe ƙafa, ba ya ko kiran sunanta. Shekara ashirin da biyu Kofur yana auren 'yar Iya Lanti, gaisuwarsu ba ta wuce ta bayan zana ba, shi a durƙushe, ita tana amsawa tana kallon wani wuri. In tana da magana da shi, sai ta faɗa wa wanda ke kusa. Mutum irin wannan ne za a ce ya baje a ƙasa a gabanta, bayansa yana kallon sama.

Kofur ya karɓe takardar daga hannuna, ya ninke ta huɗu, ya tura a aljihu.

"Ticha, takarda ta waɗanda ba su je yaƙi ba ce. Kwanciya ta ƙananan sojoji ce. Daga kofur zuwa sama, a tsaye ake harbi. Ƙafafun ne kawai ba su gama girma ba."

Washegari da hantsi ya kai su wurin Anaruwa maƙeri, wanda ke da injin walda. Na bi shi da awon tela a aljihu, don ina son abu in za a lalata shi a lalata shi bisa lissafi. Tsawon kowace ƙafa inci tara ne. Kofur yana son su kai masa ƙirji. Ya zo da ƙarafa biyu da ya zare daga gadon matarsa, kowanne inci arba'in da ɗaya. Daga ranar baiwar Allah ta koma tabarma.

Anaruwa ya juya abin a hannunsa, ya ce, "Kofur, ta ina za su naɗe? Gaba ko baya?"

Na ce, "Takarda ta ce gaba."

"Ticha, ka taɓa ganin akuya za ta kwanta ta miƙa ƙafafunta gaban hancinta? Kowace dabba ƙarƙashin cikinta take naɗe ƙafa. Sa su baya."

Aka sa su baya, wajen mai harbi. Da aka gama walda, Anaruwa ya kama notin zai ɗaure.

"Me kake yi?" in ji Kofur.

"Wuyan yana lilo."

"Don lilon aka saye shi. Abin da Bature ya ɓata shekaru yana ƙerawa don ya juya, kai za ka ɗaure shi da hannunka mai gawayi? Cire."

Anaruwa ya cire. Kofur ya lakato man kaɗe ya cusa a wuyan, har sai da ya zama iska ma tana iya juya shi. Notin kuwa Anaruwa ya liƙa shi a murfin tukunyar matarsa, ya zama mariƙi. A iya sanina shi kaɗai ne ɓangaren wannan na'ura da ya yi aiki mai amfani a garinmu.

Da a nan aka tsaya, da sauƙi. Amma kwana goma suna da yawa ga mai cika baki. Kullum sai an ƙara wani abu. Ya sami rabin madubin hangen nesa, ya ɗaure shi a saman bindigar da robar tayar keke. Ya ɗaura tocila mai batir huɗu, alhali harbin na goman safe ne. Ya sa madubin babur, wai don ya riƙa ganin mahassada ta bayansa. Ya rataya layu bakwai da jan tuntu. Ban da madubin hangen, duk a gefen hagu, domin a dama ne sakatar bindigar take, wadda ake ja a sa harsashi. Na ari sikelin mai sayen gyaɗa na auna. Bindigar da take kilo huɗu ta koma sha ɗaya da rabi.

Ranar Juma'a na same shi shi kaɗai, na ce, "Kofur, ka gwada ta ko sau ɗaya a bayan gari."

"Harsashi ɗaya na ce, Ticha. In na gwada ya zama biyu."

"Babu wanda zai sani."

Ya daɗe yana kallona. Ina tsammanin ya tuna wace takarda na taɓa karanta masa. Sai ya ce a hankali, "Ai an riga an sayo rawanin." Na koma gida.

Asabar, ashirin da huɗu ga wata, gari ya tashi kaf ya tafi gindin dutse. Na ƙirga mutum ɗari da arba'in da uku, ban da na goye. Aka taru a inuwar wata babbar ɗorawa da ke bakin gonar. Aka kafa wa Dagaci kujerarsa, aka ajiye farin rawani a kan faifai kusa da ƙafarsa. Iya Lanti ta shimfiɗa buhu a gaba, ta zauna, ta juya wa surukinta gefen fuska. Kofur ya iso a ƙarshe, makaɗi yana biye da shi, mutum biyu suna ɗauke da bindigar kamar gawa. Ya sa babbar riga fara don naɗi, ta sha sitaci, ta sha guga irin wadda ba na jin akwai mai iya ta a duk lardin nan.

Ƙarfe goma da minti bakwai Guntun-Kunne ya fito. Ya hau wani falalen dutse, taku sittin da biyu daga inda muke, na auna daga baya. Ya zauna da zangarniyar masara a hannu, ya ɓare ta, ya dube mu.

Kofur ya kafa ƙafafun a bakin inuwa. Bindiga ta tsaya cak, tsayin ƙirjinsa. Jama'a suka yi guna-guni na yabo. Ya sake ta, ya juyo wajen Dagaci zai yi jawabi.

"Ranka ya daɗe, a shekarar da muka ƙetare kogi..."

A bayansa bindigar ta fara karkata hagu, sannu sannu, kamar dattijo mai gyangyaɗi bayan cin tuwo. Ta tafi har sai da tocila ta dubi ƙasa, layu suka yi reto.

"Kofur," in ji Dagaci, "abarka ta kwanta."

Ya juya, ya tayar da ita. Ya sake ta. Ta koma. Ya kwance tocilar ya mayar dama. Bindiga ta yi ɗan tunani, ta tafi dama.

"Lafiya take kuwa?"

"Gaisuwa take yi, ranka ya daɗe. Haka ake koya musu."

A can kan dutse, duk gefen da bindiga ta karkata, Guntun-Kunne sai ya karkata kansa can. Bai daina taunar masara ba.

Kofur ya riƙe ta da hannun hagu, ya ja sakata, ya sa ido a madubin hange. Ya daɗe. Sannan ya ɗago ya ce, "Ya gudu. Ya ji sunana. Yanzu haka ya yi nisan mil guda, da ƙyar nake hango shi kamar ƙuma."

"Ga shi nan zaune," in ji Jatau. "Madubin ne ka ɗaura a juye."

Wasu mata suka rufe baki da mayafi. Iya Lanti ta ce wa matar da ke kusa da ita, "Ki gaya wa masu harbi rana tana yi."

Wannan magana ita ta gama da shi. Gumi ya keto masa. Ya manna gindin bindiga a kafaɗa, ya sa yatsa a kunama. Bindiga ta nemi hagu, ya fizgo ta. Ta nemi dama, ya bi ta. Ya ja da baya taku ɗaya don ya sami wurin ajiye tumbinsa, sai ya taka gefen babbar riga.

Daɓas, ya zauna a ƙasa. Gindin bindiga ya bi shi. Bakinta ya dubi sama.

Daram.

A kan wannan ɗorawa akwai amya uku na zuma da Jatau ya rataya tun bara. Duk mun sani, babu wanda ya tuna. Harsashin ya tsinke igiyar ta tsakiya, wadda ta fi girma. Ta taho tana juyi, ta faɗi tim tsakanin Dagaci da makaɗi, ta dare biyu.

A daidai wannan lokaci sifirin ɗin ƙafafun suka tuna aikinsu. Ƙarap, ƙarafan gado biyu suka naɗe baya, wajen mai harbi, kamar yadda ya ba da umarni. Ɗaya ta wannan kunne, ɗaya ta wancan, suka maƙale masa wuya tare da rigar.

Ban taɓa ganin taro ya watse haka ba. Dagaci, mai shekara saba'in da ciwon gwiwa, ya wuce samari biyu a hanya. Makaɗi ya kifa ƙwarya a ka, ya shiga masara, muna jin gangarsa tana kaɗa kanta har ƙarar ta ɓace. Anaruwa ya faɗa rafi da tufafinsa. Jatau kaɗai ne ya tafi a hankali, ya dubi amyarsa sau ɗaya, ya girgiza kai.

Ni ƙafafuna sun daina gudu tun kafin wannan shekara. Na ja kwat ɗina na rufe kai, na zauna ban motsa ba, ina leƙe ta kafar maɓalli. Agogo ya nuna goma da minti goma sha tara. Iya Lanti ta lulluɓe da mayafi, ta zama kamar suri. Kofur ya yunƙura zai gudu da kilo sha ɗaya da rabi a wuya. Ya yi taku uku, ƙarshen ƙarafan ya soki ƙasa, ya kife. Ya faɗi rub da ciki, ƙafafu a ware, kansa bai fi taƙi biyu daga yatsun surukarsa ba. Rigar ta juye ta rufe masa kai. Wannan ya ceci fuskarsa. Sauran jikinsa kuwa, daga ƙugu zuwa ƙasa, zuma ta yi yadda take so da shi. Saboda kunyar wadda ke gabansa, ko tari bai yi ba. Duk wadda ta harbe shi, sai dai ƙafa ɗaya ta ɗaga ta koma. Na ƙirga har talatin da ɗaya, na bari, don abin ya fara ba ni tausayi.

Bayan kamar rabin sa'a ƙudan zumar suka lafa. Sai na ji takun wani abu. Guntun-Kunne ne. Ya sauko daga dutse ba gaggawa, ya tsaya a kan amyar, ya ɓalli saƙar zuma, ya kaɗe 'yan ƙudan da ke kai. Ya zagaya Kofur. Ya leƙa madubin babur, ya ga kansa, ya gyara zama ya sake leƙawa. Sannan ya wuce wajen kujera.

Iya Lanti ta ɗan ɗaga mayafi.

"Ticha, kana nan?"

"Ina nan, Iya."

"Ka tambayi mutumin nan, an gama ne ko da saura? Na bar wake a wuta."

Daga ƙarƙashin rigar murya ta fito, a shaƙe.

"Ticha, ka gaya wa Iya dabarar yaƙi ce. Jira nake ya matso."

"Ya matso," na ce. "Yana kan kujerar Dagaci."



Na duba agogo, ƙarfe sha ɗaya saura minti takwas. Na fito da ɗan littafina na rubuta waɗanda suka rage a gindin ɗorawar, cikin mutum ɗari da arba'in da uku. Littafin yana nan, ga yadda na rubuta.

Ni, da harbi huɗu a bayan hannu.

Takalmin Dagaci, ƙafar hagu.

Kofur Mantau, kwance, a cikin ƙarafan gadon matarsa.

Iya Lanti, ko ɗaya ba ta taɓa ta ba.

Sai Guntun-Kunne, zaune a kan kujera, zuma tana ɗiga daga haɓarsa. Ya warware rawanin daga faifai, ya shinshina, ya ja, ya juya, har ya naɗe masa wuya da kafaɗa ɗaya, jelar rawanin tana jan ƙasa.

Iya Lanti ta miƙe, ta kaɗe buhunta, ta ninke. Ta dubi abin da ke kwance a gabanta, ta dubi abin da ke kan kujera. Sai ta ɗan rusuna wajen kujerar.

"Allah ya ja zamanin Sarkin Baka," ta ce. "A taimaka a bar mana ko na iri."